Sunayen Mutane da Suka Koma Kalmomin Turanci

Duk wanda ya taɓa sayen man dizal domin injin niƙa, ko ya duba ƙwan lantarki ya ga an rubuta 60W, ko ya sa ranar taro a cikin watan Agusta, to ya ambaci sunan wani mutum da ya daɗe a kabari, ko da saninsa ko babu. Turanci cike yake da irin waɗannan kalmomi. Masana harshe suna kiran kowace ɗaya “eponym”, wato kalmar da aka samo daga sunan mutum. Da yawa daga cikin masu karatunmu suna koyar da yara, ko manya a azuzuwan yaƙi da jahilci, wasu kuma suna aiki a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, saboda haka muka ga ya kyautu mu bi sawun kaɗan daga cikin kalmomin nan mu ga inda suka fito.

Abin da mai bin sawun zai fara lura da shi shi ne, ba kullum cancanta ce take sa sunan mutum ya manne wa abu ba. Wani an sa sunansa don girmamawa, gaskiya ne. Amma wani abokan gābansa ne suka liƙa masa, wani aikin na ƙasa da shi aka jingina masa, wani kuma har ya mutu yana baƙin cikin abin da aka raɗa wa sunansa.

Kyaftin Boycott da girbin 1880

Bari mu fara da kalmar da muka fi ji a rediyo lokacin zaɓe ko rikicin ’yan kasuwa, wato “boycott”, abin da muke ce wa ƙauracewa. Charles Boycott mutumin Ingila ne, tsohon hafsan soja, wanda ya koma noma a gundumar Mayo da ke yammacin ƙasar Ayalan. A wancan zamani Ayalan tana ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma yawancin gonaki na wasu manyan masu ƙasa ne, waɗanda da yawansu ba sa ma zama a wurin. Talakawa haya suke yi, su noma, su biya kuɗin gona kowace shekara. Boycott shi ne wakilin wani mai ƙasa da ake kira Lord Erne. Shi ke karɓar masa kuɗin haya, shi ke korar wanda ya kasa biya.

A ƙarshen shekarun 1870 amfanin gona ya yi ta lalacewa, har a 1879 yunwa ta kunno kai a yammacin ƙasar, ga shi tsofaffi ba su manta da babbar yunwar shekarun 1840 da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ba. A 1880 Lord Erne ya yarda ya rage kashi 10 cikin ɗari na kuɗin haya. Manoma suka ce sai dai 25. Ya ƙi, Boycott kuma ya nemo takardun korar manoma 11 daga gonakinsu.

Ana cikin haka, a watan Satumba na shekarar, shugaban ƙungiyar da ke kare manoma ’yan haya, Charles Stewart Parnell, ya yi jawabi a garin Ennis. Shawararsa ita ce kada a taɓa lafiyar kowa. Duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta, a juya masa baya kawai, a hanya, a kasuwa, har a majami’a. Mutanen yankin Lough Mask suka ɗauki shawarar suka gwada ta a kan Boycott. Ma’aikatan gonarsa suka watse. Masu yi masa hidima a gida suka tafi. Maƙeri ya daina yi masa aiki, mai wanki ta daina karɓar kayansa, masu kantuna a garin Ballinrobe suka ƙi sayar masa da komai, yaron da ke kai masa wasiƙu ma aka tsorata shi ya bari. Ba za mu ce babu tilas a ciki ba, don wasu sun janye da son ransu, wasu kuwa tsoron maƙwabta ne ya janye su. Ga amfani ya nuna a gona, babu mai girbi.

Boycott ya rubuta wa jaridar The Times ta Landan wasiƙar kuka, labari ya bazu ko’ina. A watan Nuwamba ’yan sa-kai 50 suka taso daga arewacin ƙasar domin su girbe masa, gwamnati kuma ta haɗa su da sojoji da ’yan sanda wajen 1,000 don tsaro. An ƙiyasta cewa an kashe kimanin fam 10,000 wajen girbe amfanin da bai wuce na fam 500 ba. Ko ɗan firamare ya san wanda ya faɗi a wannan ciniki. Ranar 1 ga Disamba 1880 Boycott ya bar Ayalan.

Wani ɗan jarida Ba’amurke da ke wurin a lokacin, James Redpath, ya ba da labarin cewa shi da limamin Katolika na yankin, Fada John O’Malley, sun rasa kalmar da za su kira abin da ita, domin kalmar Turanci da ake da ita ta yi wa manoman ƙauye nauyi a baki. Sai Fada ya ce a ce kawai an yi wa mutum “boycott”. Kafin shekarar ta ƙare jaridu sun ɗauka, ba da daɗewa ba kuma ta shiga Faransanci da Jamusanci da wasu harsuna. A 1881 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba kotu ikon yanke kuɗin haya na adalci ga manoman Ayalan. Daga baya kalmar ta yi tafiya mai nisa. Da ita aka kira ƙaurace wa kayan kantunan Turawa da aka yi a Ankara ta ƙasar Gana a farkon 1948, da ita aka kira ƙaurace wa motocin bas da baƙaƙen fata suka yi na kwana 381 a birnin Montgomery na Amurka daga 1955 zuwa 1956. A nan Najeriya ma, ɗan kishin ƙasar nan Mbonu Ojike ya sami laƙabin sarkin “boycott” saboda yawan kiran da yake yi a bar kayan Turawa a koma na gida.

Sai mu lura da abu ɗaya: ƙasar ba ta Boycott ba ce, kuma ba shi ya yanke kuɗin haya ba. Ɗan aike ne. Mai ƙasar, Lord Erne, yau sai masu tarihi ne suka san da shi, amma sunan wakilinsa yana bakin duniya.

Waɗanda aka ɓata wa suna

Labarin Dokta Joseph-Ignace Guillotin ya fi ban tausayi. Likita ne kuma ɗan majalisa a Faransa lokacin juyin juya halin 1789. Kafin lokacin, idan aka yanke wa basarake hukuncin kisa da takobi ake sare shi, talaka kuwa rataye shi ake yi, ko a karya masa gaɓoɓi a bainar jama’a. A watan Oktoba 1789 Guillotin ya kawo shawara cewa hukunci ya zama iri ɗaya ga kowa, kuma a yi shi da injin da zai gama nan take ba tare da azabtarwa ba. Shi kansa ba mai son hukuncin kisa ba ne. Ba shi ya tsara injin ba, wani likitan fiɗa ne mai suna Antoine Louis, wanda ya ƙera shi kuma wani Bajamushe ne mai yin kayan kiɗa, Tobias Schmidt. An fara aiki da shi a watan Afrilu 1792, da farko ma da sunan Louis aka riƙa kiransa. Amma masu waƙoƙin zambo da ’yan jarida sun ga sunan Guillotin ya fi daɗin faɗa, sai “guillotine” ta zauna. Cikin shekaru biyu injin ya sare dubban kawuna, har da na sarki da sarauniya. Ana yawan cewa shi ma Guillotin da injin aka kashe shi. Ba haka ba ne, a kan gadonsa ya rasu a 1814. Faransa ta yi amfani da injin karo na ƙarshe a 1977, ta soke hukuncin kisa a 1981. Kalmar dai tana nan, har babbar wuƙar da ake yanke takarda da ita a maɗaba’a haka Turawa suke kiranta.

Malaman makaranta sun san kalmar “dunce”, wato daƙiƙi, wanda karatu ba ya shiga kansa. Abin mamaki, daga sunan ɗaya daga cikin manyan masanan Turai ta fito. John Duns Scotus malamin tauhidi ne da falsafa, mutumin Sukotilan, wanda ya koyar a jami’o’in Oxford da Paris, ya rasu a 1308. Saboda zurfin tunaninsa aka shafe kusan shekara 200 ana karanta littattafansa a jami’o’i. Da sabon salon ilimi ya zo a ƙarni na 16, almajiransa suka tsaya kai da fata a kan tsohuwar hanya, sai abokan hamayyarsu suka riƙa yi musu ba’a suna kiransu mutanen Duns. Daga mai gardamar banza, ma’anar ta gangaro ta zama wanda bai san komai ba. Mutumin da aka yi wa wannan ya riga ya shekara 200 a ƙasa, ba shi da bakin kare kansa.

Littafi Mai Tsarki ma ya ba Turanci nasa rabo. “Simony” ita ce saye ko sayar da muƙamin ikilisiya, daga Saminu mai sihiri na Samariya wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi iko, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 8. Wannan kam ya ci sunansa. “Jeremiad” ita ce doguwar magana ta kuka da kashedi, daga annabi Irmiya. Amma dubi “maudlin”, wadda ake faɗa wa mutum mai kukan da ya wuce kima, musamman mashayi idan giya ta sa shi hawaye. Sunan Maryamu Magadaliya ne kamar yadda mutanen Ingila na dā suke furta shi, har yau ma haka ake kiran kwalejin Magdalen ta Oxford. A 591 Fafaroma Gregory ya yi wa’azin da ya haɗa ta da mace mai zunubin da ta yi kuka a ƙafafun Yesu, abin da Linjila ba ta faɗa ba, masu zane kuma suka yi ta zana ta da jajayen idanu. Matar da Linjila ta nuna a matsayin shaidar farko ta tashin Almasihu, abin da ƙamus ya riƙe mata shi ne hawaye.

Wani ya yi aiki, wani ya ci suna

Ma’aikatan lafiya sun san “salmonella”, dangin ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa ta hanyar gurɓataccen abinci, wanda ɗaya daga cikinsu ce take kawo zazzaɓin taifot. Wasu suna zaton daga kifin nan “salmon” aka samo sunan, alhali babu ruwan kifi. Daniel Salmon likitan dabbobi ne, shugaban wani sashen bincike na gwamnatin Amurka. Wanda ya ware ƙwayar cutar daga jikin aladu a 1885 mataimakinsa ne, Theobald Smith. Da aka tashi raɗa suna a 1900 sai aka sa na maigida. Duk wanda ya taɓa aiki a ofis ba zai yi mamaki ba.

Haka sunan Amurka. Columbus ne ya fara isa can daga Sifen a 1492, amma ya tsaya a kan cewa gefen Asiya ya taɓa. Wani ɗan Italiya, Amerigo Vespucci, ya bi baya, aka buga wasiƙu da sunansa masu cewa wannan sabuwar duniya ce. A 1507 wani mai zanen taswira Bajamushe, Martin Waldseemüller, ya karanta wasiƙun ya rubuta “America” a kan kudancin nahiyar. A taswirar da ya fitar daga baya ya cire sunan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kwafi ɗaya tak na taswirar 1507 ya rage, kuma ɗakin karatu na majalisar Amurka ya saye shi a 2003 a kan dala miliyan 10. Su kuwa mutanen da suka shekara dubbai a nahiyar kafin zuwan kowane jirgin ruwa, ba wanda ya tambaye su.

Ba za mu daɗe a kan “sandwich” ba, burodi fala biyu da nama a tsakani. John Montagu, wanda ya rayu daga 1718 zuwa 1792, shi ne mai riƙe da sarautar Sandwich, wani gari a kudancin Ingila. Wani matafiyi Bafaranshe ya rubuta cewa caca ce ta hana shi tashi cin abinci, marubucin tarihinsa kuma ya ce ya fi kama da aikin ofis, don shi ne ya shugabanci ma’aikatar jiragen ruwan yaƙi. Ko wanne ne, an daɗe ana cusa nama a burodi kafin a haife shi. Haka Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, wanda ya aika taba gida a wajen 1560 yana yabonta a matsayin magani. Gubar da ke sa mai shan taba ya kasa bari, “nicotine”, sunansa take ɗauke da shi.

Waɗanda aka zauna aka zaɓa

Akwai kuma sunayen da masana suka zauna suka zaɓa da gangan. A 1881 aka yi babban taron masana lantarki a Paris, aka amince da “volt” don tunawa da Alessandro Volta na Italiya wanda ya haɗa batir na farko a 1800, da “ampere” don André-Marie Ampère na Faransa, da “ohm” don Georg Ohm na Jamus. “Watt” ta biyo baya a cikin shekarun 1880, daga James Watt na Sukotilan. A makaranta an koya wa da yawanmu cewa Watt ne ya ƙirƙiro injin tururi. Thomas Newcomen ya riga shi tun 1712. Abin da Watt ya yi shi ne gyara, wanda ya yi wa rajista a 1769, ya sa injin ya rage cin gawayi ƙwarai. Shi ne kuma ya yaɗa auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, domin masu saye su gane. Dokin inji ɗaya wajen wat 746 ne, saboda haka famfon ban-ruwa mai doki biyar ya ɗan haura wat 3,700. Ga wata ƙa’ida da za ta amfani malamai: idan ma’auni daga sunan mutum ya fito, alamarsa da babban baƙi take farawa, shi ya sa ake rubuta 12V a batirin mota da 60W a ƙwan lantarki, amma mita da giram da ƙaramin baƙi, m da g.

Ma’aunin zafin da ake sa wa mara lafiya, da wanda ke cikin firijin allurar rigakafi inda dole a tsare sanyi tsakanin digiri 2 da 8, duk suna aiki da sunan Anders Celsius, masanin taurari na Suwidin. Yadda ya tsara abinsa a 1742, sifiri ne inda ruwa yake tafasa, 100 kuma inda yake daskarewa. Sai bayan rasuwarsa a 1744 aka juya shi yadda muka san shi, sai kuma a 1948 aka tabbatar da sunansa a kai.

Louis Pasteur na Faransa, 1822 zuwa 1895, ya cancanci nasa. Ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suke ɓata abin sha, kuma ɗumama shi daidai gwargwado yana kashe su ba tare da an dafa shi ba. Ruwan inabi ya fara yi wa haka a shekarun 1860, madara daga baya wasu suka shigo da ita. Idan kun ga “pasteurised” a jikin kwalin madara ko yogot, ma’anarsa an ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, sannan aka sanyaya ta da sauri. Wannan yana kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na wasu zazzaɓi da ake ɗauka daga ɗanyar madara. A gida, inda babu ma’auni, tafasa madarar kafin a ba yara yana yin wannan aiki.

Rudolf Diesel kuwa labarinsa ya ɗan taɓa mu. Bajamushe ne da aka haifa a Paris a 1858, injinsa ya fara aiki sosai a 1897 a garin Augsburg. A bikin baje kolin duniya na Paris a 1900 an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, kuma ya yi aiki lafiya. Diesel da kansa ya bayyana a 1912 cewa gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, domin tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka, inda gyaɗa take yi sosai. A shekarar nan ta 1912 ne kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano bayan isowar jirgin ƙasa. Amma man fetur na ƙarƙashin ƙasa ya fi araha, sai aka bar zancen. A daren 29 ga Satumba 1913 Diesel ya shiga jirgin ruwa daga Beljiyam zuwa Ingila, da gari ya waye ba a gan shi ba. A tashoshinmu da yawa ma ba a kiran sunansa, gas ake cewa.

A cikinsu duka, wanda muka fi so a gaya wa yara labarinsa shi ne Louis Braille. An haife shi a 1809 a wani ƙauye kusa da Paris, mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da basilla a rumfar mahaifin, ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya kai biyar ya makance. A makarantar makafi ta Paris littattafan da ake da su manyan baƙaƙe ne masu tudu, masu nauyin ɗauka da wuyar karantawa, kuma makaho ba ya iya rubuta su da kansa. Aka kawo musu wani tsarin ɗige-ɗige 12 na wani tsohon soja, Charles Barbier. Yaron ya ga cewa 12 sun fi ƙarfin kan yatsa ɗaya, sai ya rage su zuwa shida, biyu a kwance uku a tsaye, waɗanda ake iya jerawa ta hanyoyi 63. Yana da shekara 15 ya gama, a 1824, aka buga a 1829. Ɗalibai suka rungumi tsarin, hukumar makaranta ta yi ta jan ƙafa, har akwai lokacin da aka hana amfani da shi. Tarin fuka ya kashe Braille a 1852, sai a 1854 makarantar da ya koyar a cikinta ta karɓi rubutunsa a hukumance. Da wannan rubutu ne makarantar makafi ta Gindiri a Filato, wadda aka kafa a 1953, ta buɗe wa yara da yawa na Arewa ƙofar karatu. Tun 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya take kiyaye 4 ga Janairu, ranar haihuwarsa, a matsayin ranar wannan rubutu.

Wani lokaci sunan mutum rufin asiri yake yi wa wasu. Gerhard Hansen, likita a garin Bergen na Norwe, ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873, ya nuna cewa ba gado ba ce, ba la’ana ba ce. Asibitoci da yawa suna rubuta “Hansen’s disease” a katin mara lafiya domin su raba shi da ƙyamar da ke bin tsohuwar kalmar. Duk da haka, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina sa wa sababbin cututtuka sunan mutum ko gari ko dabba. Mutanen Lassa a jihar Borno, waɗanda aka sa wa zazzaɓi sunan garinsu tun 1969, sun san dalili.

Sunayen da suka sāke kama

Wasu sunayen sun yi tafiya har sun sauya kama. Matasa masu waya da kwamfuta suna yawan jin “algorithm”, wato jerin matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya don warware lissafi, irin wanda yake zaɓa wa mutum abin da zai gani a Facebook. Kalmar ta fito ne daga Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da taurari wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma’amun, a farkon ƙarni na 9. Al-Khwarizmi ma ba sunan yanka ba ne, nasaba ce da yankin Khwarazm da ke wajen Uzbekistan ta yau, kamar mu ce Bakano ko Bazazzagi. Ya rubuta littafi a kan lissafi da alƙaluman Indiya, waɗannan 1 zuwa 9 da sifiri da muke amfani da su. Da aka fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12 sai aka rubuta sunansa “Algoritmi”, masu karatu kuma suka ɗauka sunan hanyar lissafin ke nan. Daga kalmar aljabru da ke cikin sunan wani littafinsa ne kuma aka sami “algebra”.

Watanni biyu na kalandarmu ma sunayen mutane ne. Romawa sun sa wa wata na bakwai sunan Julius Caesar a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, suka sa wa na takwas sunan magajinsa Augustus a shekara ta 8 kafin haihuwar Almasihu, shi ne Kaisar ɗin da ya ba da umarnin ƙidaya a Luka sura 2. Ta Turanci suka iso mana suka zama Yuli da Agusta. Kaisar ɗin kansa sunan gidan su Julius ne kafin ya zama sarauta, daga shi Jamusawa suka sami “Kaiser”, Rashawa suka sami “Tsar”. Sai dai a yi hattara da labarin da ake yawan bayarwa cewa fiɗar da ake yi wa mace a ciro jariri, “caesarean”, ta sami suna ne don haka aka haifi Julius. A zamanin Romawa ana yin fiɗar ne idan uwa ta mutu ko tana bakin mutuwa, mahaifiyarsa Aurelia kuwa ta rayu har ɗanta ya haura shekara 40. Masana sun fi danganta kalmar da wata kalmar Latin mai nufin yanka.

Mu ma muna yi

Wannan ɗabi’a ba ta Turawan Ingila kaɗai ba ce, Turancin Najeriya da Hausar kasuwa suna da nasu. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati suna tuna “Udoji”. Jerome Udoji ya shugabanci hukumar da ta duba aikin gwamnati ta miƙa rahoto a 1974. Rahoton ya fi ba da ƙarfi a kan gyaran tsarin aiki da horar da ma’aikata, amma abin da jama’a suka riƙe shi ne ƙarin albashi da bashin watanni da aka biya a dunƙule a farkon 1975, aka sayi rediyo da babura, farashin kaya kuma ya tashi. Daga nan duk kuɗin da ya faɗo wa ma’aikaci ba zato sai a ce ya sami Udoji. Takardar naira 20 da ta fito a 1977 da hoton Janar Murtala Muhammed ta zama Murtala a bakin ’yan kasuwa, a Kudu kuma Muri. A Legas ana ce wa babur mai ƙafa uku Keke Marwa, daga Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. A shekarun 1990, da kananzir ya yi wuya, murhun gwangwani da ake cusa wa garin katako ya sami sunan Abacha, kuma ba don yabo ba. Ga hular Zanna Bukar da maɗinka suke yi har gobe. Shi ma birnin Fatakwal sunan Lewis Harcourt ne, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, wanda Gwamna Lugga ya sa wa sabuwar tashar jiragen ruwan a 1913, mutumin da bai taɓa zama a garin ba.